Wa Ya Taɓa Littafin Kafin Ya Iso Hannunka?

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan mako saboda waɗanda data ba ta isa su saurari murya ba, da waɗanda karatu ya fi musu daɗi. Na ɗan gyara wasu wurare da bakina ya yi tuntuɓe, amma maganar ita ce dai.

Yau kan tsofaffin littattafanmu za mu yi magana, da yadda ake buga su a sayar mana. Bari in fara da abin da ya same ni, don shi ya jawo shirin.

Kwanakin baya na shiga babbar kasuwar Birnin Kebbi neman wani abu daban, sai idona ya faɗa kan wani ɗan littafi a rumfar masu littattafai. Tarin waƙoƙin wa'azi ne na zamanin jihadi, an juyo su daga ajami zuwa boko. Bango mai sheƙi, kuɗi kaɗan, sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da manyan baƙaƙe a sama. Na saya ina murna. Da na je Argungu ƙarshen mako sai na tafi da shi wurin wani dattijo, abokin kakana, wanda ya yi shekaru yana karantarwa a zaure. Niyyata in nuna masa cewa mu ma 'yan boko muna taɓa abin. Na zauna na fara karanto masa da ƙarfi. Ban yi nisa ba ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tsaya ɗana. Ina kas samo wanga?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, a kasuwa na saya."

Ya ce in maimaita wurin. Na maimaita. Sai ya rera shi da ka, yadda ya karɓa daga nasa malamin, na ji akwai baiti guda cur da babu shi a littafina. Muka ci gaba, ya sake tsayar da ni, wannan karon kalma ce aka canza har karin waƙar ya karye. Kafin mu gama waƙa ɗaya ya tsayar da ni sau da yawa har na daina ƙirga. Daga ƙarshe ya karɓi littafin ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Wa yag gyara shi?" Muka duba tare. Babu sunan wanda ya juya shi zuwa boko, babu shekarar bugu, babu ko layi ɗaya da ya ce daga wane rubutun hannu aka kwaso. Lambar waya ce kawai a bayan bango.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar waƙar da ake kira Tabbat Haƙiƙa. A littafina an rubuta ta Shehu ce, shi ke nan. To ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, amma rabin gaskiya ne. Shehu da Fulatanci ya yi ta. 'Yarsa Nana Asma'u ce ta mayar da ita Hausa, sannan ɗansa Isa ya yi mata tahmisi, wato ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu ya zama biyar. Ka ga waƙar Hausar da muke rerawa aikin mutum uku ne. Mai buga littafin ya share biyu ya bar ɗaya. Me ya sa? Ko dai bai sani ba, ko kuma ya san sunan Shehu ya fi saurin fitar da kaya daga rumfa. Duk wanda ya kasance a cikin biyun, mai karatu ne ya yi asara.

To bari mu koma baya kaɗan, mu fahimci abin da ake nufi da buga tsohon littafi, don da yawanmu muna zaton abu ne mai sauƙi: a samo littafin, a buga a kwamfuta, a kai maɗaba'a.

Matsalar ita ce "littafin" ba guda ɗaya ba ne. Ɗauki Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Abdullahin Gwandu, wanda ya rasu a 1829, kabarinsa na nan garin Gwandu. A zamaninsa babu injin ɗab'i a ƙasar nan. In ya gama littafi, ɗalibi ne zai zauna da alƙalami da tawada ya kwafe. Wani ya kwafa daga wannan ɗalibin, wani daga wancan, har littafin ya kai Kano, ya kai Nufe, ya kai Ilori. Bayan shekara ɗari biyu abin da ke hannunmu shi ne kwafe-kwafe da yawa, a gidajen malamai da ɗakunan ajiya irin su Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, da Jami'ar Ibadan. Kuma da wuya ka sami biyu da suka yi daidai harafi da harafi.

Ba don masu kwafar mayaudara ne ba, ɗan Adam ne kawai. Akwai kuskuren da duk mai kwafa a duniya yake yi: layi biyu sun ƙare da kalma iri ɗaya, ka ɗaga kai ka tsoma alƙalami, da ka dawo sai idonka ya sauka kan na biyun, duk abin da ke tsakani ya tafi. Ina kyautata zaton haka baitin nan nawa ya ɓace. Akwai kuma bayanin da wani malami ya rubuta a gefen shafi don ɗalibansa, mai kwafa na gaba ya zaci cikin littafin yake, ya shigar da shi tsakiya. Daga ranar maganar wani ta zama maganar mawallafi.

Aikin da ake kira tahƙiƙi shi ne maganin wannan. Mai tahƙiƙi zai tattaro kwafin da zai iya samu, ya tantance wanne ya fi tsufa, wanne aka kwafa daga wanne, ya jera su yana gwadawa layi bayan layi. Inda suka saɓa sai ya zaɓi wanda ya fi ƙarfi, amma, kuma nan ne amanar take, ya rubuta a ƙasan shafi cewa kwafi kaza ga abin da ya ce. Bai ɓoye maka komai ba. In kana ganin ya yi kuskure a zaɓinsa, ga hujjar a gabanka ka yi masa gardama. Malamanmu na zaure sun san wannan tun da daɗewa, suna ce masa muƙabala: ɗaya na karantawa, ɗaya na bin nasa kwafin da ido. Kuma mai kwafa na kirki in ya kai ƙarshe yakan rubuta sunansa, wani lokaci har da ranar da ya gama, ya roƙi mai karatu addu'a. Wato ya sa hannu a kan aikinsa, in an ga kuskure an san na wa ne.

Abin da ke ba ni mamaki, shi kansa Malam Abdullahi ya bar mana misali tun kafin a san wani abu wai shi tsarin jami'a. Yana da ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, wanda ba komai a cikinsa sai lissafin malaman da ya yi karatu wurinsu da littattafan da ya karanta gaban kowannensu, tun daga yayansa Shehu har su Malam Jibrilu ɗan Umaru. A tafsirinsa Liya'ut Ta'awili yana faɗin tafsiran da ya ɗebo daga cikinsu, irin su Jalalaini da Bailawi. Sannan da ya ga tafsirin ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, ya taƙaita shi da kansa, ya kuma ba taƙaitaccen suna daban, Kifayatu Lu'afa'is Sudan. Ku riƙe wannan, don yau akasin haka ake yi: a yanke littafi a rage shafuka saboda tsadar takarda, a bar masa sunansa na asali, a yi shiru.

Yanzu ga inda kuɗi ke shigowa.

Tahƙiƙi aiki ne mai cin shekaru. Sai ka yi tafiya, ka roƙi magada su buɗe maka gafaka ko akwatin kakansu, wasu su yarda wasu su ƙi. Sai ka iya Larabci sosai, ka iya karanta rubutun warash na da, ka san aruli don gane inda baiti ya karye. In ajami ne, sai ka san Hausar wancan zamani da ta wancan yanki. Bayan duk wannan wahala littafin zai fito da kauri, rabin kowane shafi bayanin ƙasa ne. Shi kuwa mai maɗaba'a lissafinsa daban. Takarda daga waje ake shigo da yawancinta, tunda masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa. Da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin takarda da tawada suka bi dala sama. Kowane shafi da aka ƙara kuɗi ne. To me zai fara cirewa? Gabatarwar da ta bayyana kwafin da aka yi amfani da su, da bayanan ƙasan shafi, da fihirisa. Wato daidai abubuwan da ke nuna maka ko za ka amince da littafin.

Akwai kuma batun doka. A Nijeriya haƙƙin mallakar littafi yana ƙarewa shekara 70 bayan rasuwar mawallafi. Abubakar Imam ya rasu a 1981, don haka Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja suna da masu su har yanzu, duk da cewa PDF ɗinsu na yawo a WhatsApp kamar ba na kowa ba. Amma littattafan su Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Nana Asma'u kowa na iya bugawa, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Wannan alheri ne ta wani gefen, ilimi ya zama na jama'a. Ta ɗaya gefen kuma babu mai tsayar da wanda ya buga shirme. Kuma wanda ya kashe shekara biyar yana tahƙiƙi ya san cewa wata biyu bayan fitowar littafinsa wani zai iya kwashe tsantsar rubutun, ya zubar da bayanan da sunansa, ya sayar a kashi ɗaya cikin uku na kuɗin. Kai in kai ne, za ka sake yi?

Bari in nuna muku irin ɓarnar da gaggawa ke yi, don kada ku ce ina kambama abu.

A rubutunmu na warash, harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, harafin ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. A rubutun gabas, wanda kwamfuta ke bugawa, fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf na da biyu. To ka ba yaron da bai saba da warash ba tsohon rubutu ya buga maka, ana biyansa da yawan shafi. Duk inda ya ga ƙaf ɗinmu zai iya buga fa. Kalma ta canza, ma'ana ta canza, in littafin fiƙihu ne hukunci ma na iya canzawa. Shi ya sa a ganina tsofaffin bugun kasuwa na Kano, waɗanda ake sa gwanin rubutu ya rubuta da hannu sannan a ɗauki hoton shafin a buga, sau da yawa sun fi wasu masu ƙyalƙyalin kwamfuta aminci. Wanda ya rubuta su ya san abin da yake rubutawa.

A ɓangaren Hausa kuma matsalar ta fi shafar mu mutanen yamma. Waƙoƙin nan da yawansu da Hausar Sakkwato da Kabi da Gobir aka yi su. Mai juyawa zuwa boko sai ya ga "wanga", ya ce ai wannan ba daidaitacciyar Hausa ba ce, ya mayar "wannan". A zance ba komai. A waƙa kuwa gaɓar ƙarshe ta "wanga" mai sauƙi ce, ta "wannan" mai nauyi ce, da ka musanya kari ya gurgunce. Haka "shina" ya koma "yana", "biyat" ta koma "biyar", in a ƙarshen baiti take amsa-amo ya tafi. Shi a ransa gyara ya yi. Sannan ajami yana nuna tsawon wasali, boko ba ya nunawa, to ko ba a canza kalma ba an riga an rasa wani abu. Ƙara da injin da ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, "baƙi" ya koma "baki", "ɓata" ta koma "bata". Dattijon nan na Argungu da kunne ya kama duk wannan. Ranar da babu irinsa, wa zai kama?

Kada ku ɗauka 'yan kasuwa kaɗai nake nufi. Jami'a ma tana da nata cinikin, sai dai kuɗinta sunansa ƙarin girma. Malamin jami'a ana auna shi da yawan abin da ya wallafa. In ya zauna shekara huɗu kan tahƙiƙin littafi ɗaya, abokinsa da ya rubuta maƙala goma sha biyu a mujallu ya wuce shi, ko da rabin mujallun irin waɗanda ake biya ne su buga ba tare da wani masani ya duba ba. To mai iyali da kuɗin makarantar yara a kansa wanne zai zaɓa? Sai ka ga ana ta rubuta maƙaloli a kan tunanin Abdullahin Gwandu game da mulki, game da tarbiyya, game da tattalin arziki, amma duk sun dogara ne kan bugun da ba wanda ya tantance. Ana gina bene a kan tubalin da ba a duba ba. Ɗalibai da yawa a sassan Larabci da Hausa suna yin tahƙiƙi na gaske a matsayin kundin digiri na biyu ko na uku, wasu ayyukan masu kyau ƙwarai, amma daga ranar da aka ba su shaida kundin ya hau kanta ya kwanta, ƙura da gara su gaje shi.

Ga kuma bugun ƙaddamarwa. Kun san shi: a buga littafi cikin sauri don ya riski ranar biki, a gayyato manya, a sayi kwafi ɗaya da miliyoyi, a watse. Shafukan hotunan manyan baƙi sun fi na gabatarwar ilimi yawa. Bayan wata guda ka nemi littafin a kanti ba za ka samu ba, don dama ba don mai karatu aka buga shi ba.

A can waje kuma matsalar ta juye. Aikin yana da inganci, amma ba ya dawowa gida. Mervyn Hiskett ya yi tahƙiƙin Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi, ya fassara shi da Turanci, maɗaba'ar Jami'ar Ibadan ta buga a 1963. Wannan littafi namu ne ƙwarai mu mutanen Kebbi. A ciki Malam Abdullahi ya tattara ƙasidunsa yana bayanin abin da ya jawo kowacce, har da cin Birnin Kebbi a 1805 da yaƙin Alwasa da aka sha wuya a wannan shekarar, har da lokacin da ransa ya ɓaci da yadda wasu mabiya suka karkata ga neman duniya, ya kama hanyar gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Yau je ka nemi bugun Hiskett a kantin littattafai a Birnin Kebbi ka gani. John Hunwick ya fitar da babban kundin da ya lissafa marubutan Larabci na wannan yanki da littattafansu da inda rubutun hannun yake, kamfanin Brill na ƙasar Holan ya buga a 1995. Irin waɗannan littattafai ana sa musu kuɗi ne da ɗakunan karatun jami'o'in Turai da Amurka a zuciya, ɗaya kan haura dala ɗari. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukan Nana Asma'u, aka buga a Amurka a 1997. Saboda haka ɗalibi a Kalgo ko Aliero yana tsakanin biyu: mai inganci da ba zai iya saya ba, da mai araha da ba zai iya amincewa da shi ba. Sai fotokwafin fotokwafi, wanda shafin farko ya daɗe da yagewa.

Wani zai ce to in harafi ɗaya ya canza sai me? Bari in kai ku Tambutu kaɗan, don akwai darasin da ya girgiza masana tarihi, kuma ya shafe mu, tunda daga littattafan tarihin Tambutu ake samun wani ɓangare na labarin Kanta na Kabi, musamman yadda ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, wanda Tarikhus Sudan ya kawo. Akwai ɗan'uwan wannan littafi mai suna Tarikhul Fattash. Turawan Faransa biyu, Houdas da Delafosse, suka buga shi a Faris a 1913. Kwafin da suka samu sun saɓa, sai suka haɗe su suka fitar da littafi guda a matsayin aikin Mahmudu Ka'ati. A ciki akwai wani albishir cewa wai tun zamanin Askiya aka faɗi zuwan wani halifa mai suna Ahmadu a ƙasar Masina. Shekaru ana karanta shi haka. A 1971 Nehemia Levtzion ya nuna cewa wannan ɓangare cusa shi aka yi daga baya. A 2020 Mauro Nobili ya fitar da littafi yana kafa hujja cewa littattafai biyu ne daban aka gwama: wani tsohon tarihi na ƙarni na 17, da wani da Nuhu ɗan Ɗahiru ya sake ginawa a ƙarni na 19 don ƙarfafa mulkin Shehu Ahmadu Lobbo na Hamdallahi. Shekara ɗari da 'yan kai ana kafa hujja da bugu ɗaya. Kuma abin lura, da me aka gano? Da komawa ga rubutun hannu, da kuma bayanan da su masu bugun farko suka bari game da kwafin da suka yi amfani da su. Da sun yi irin na mai littafina na kasuwa, sun share komai, da gano bakin zaren ya fi haka wuya.

Mu dawo gida. Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya gama a 1812, yana cikin manyan madogara kan tarihin Kanta da Surame da yaƙe-yaƙen Kabi. A 1922 wani Baturen mulki, E. J. Arnett, ya fitar da shi da Turanci. Don Allah a yi masa adalci: a kan bangon ya faɗa cewa wani wuri fassara ce, wani wuri kuma bayani ne da kalmominsa. Bai yaudari kowa ba. Amma sai aka wayi gari masu rubutu na ɗauko jimlar Arnett su ce "Bello ya ce". Daga nan wani ya fassara ta zuwa Hausa, wani ya ɗora a Facebook, a yi ta musu a kai tsakanin Bakabe da Bagwandare, alhali babu ɗayansu da ya ga abin da Bello ya rubuta da Larabci.

Kuma akwai wani nau'in rashin daidaito da kasuwa ke ƙarawa. Ɓangaren Sakkwato da Gwandu sun bar rubuce-rubuce masu yawa, kuma suna da masu saye har gobe. Ɓangaren Kabawa, waɗanda suka sake tayar da mulkinsu a Argungu ƙarƙashin Yakubu Nabame a 1849, yawancin nasu yana bakin maroƙa da makaɗan fada da dattawa, da jerin sunayen sarakuna, da kayan da ke Gidan Tarihi na Kanta da aka buɗe a 1958. Muhammad Bello Alƙali ya yi kundin digiri kan Kabi a ƙarni na 19 a Jami'ar Ahmadu Bello a 1969, S. A. Balogun ya yi nasa kan masarautun Gwandu a Ibadan a 1970. Masana na ambaton su har yau, amma saurayin Argungu da ke son sanin tarihin garinsu ba zai shiga kanti ya same su ba. Abin da ba a sa ran zai yi kasuwa ba a buga shi, abin da ba a buga ba kuma a hankali sai ya zama kamar bai faru ba.

Ni dai ban ɗauki mai rumfar nan da ya sayar mini da littafi a matsayin mugu ba. Gaskiya ma in ba don bugun araha ba, da littattafai da yawa sun ɓace daga zaurukanmu. Liya'ut Ta'awili an buga shi a Alƙahira a 1961, kuma yaɗuwar bugu ce ta sa almajiri talaka ke iya riƙe nasa maimakon ya shekara yana kwafa. Araha ba laifi ba ce. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne shirun. Shafi ɗaya tak ya isa mutum ya ce: ni wane na juya wannan daga ajami, daga kwafin gidan malam wane, na mayar da wasu kalmomi daidaitacciyar Hausa, na bar baiti kaza don ban iya karanta su ba. Wannan shafin bai kai kuɗin bango mai sheƙi ba.

Tun daga ranar na canza yadda nake sayen tsohon littafi. Kafin in tambayi kuɗi sai na buɗe shafukan farko. Ina neman sunan mutum, wanda ya ɗauki nauyin rubutun, ba sunan mawallafin da ya rasu shekara ɗari biyu ba kawai. Ina duba ko ya faɗi inda ya samo, ko akwai shekara, ko cikakke ne ko taƙaitacce. In fassara ce ina son in ga asalin a gefe. In waƙa ce ina rera baiti biyu uku a hankali, in na ji harshena na tuntuɓe na san wani ya taɓa ta. In babu ko ɗaya a cikin waɗannan, ina iya saye don karatun nishaɗi, amma ba zan kafa hujja da shi a kundi ba, ba kuma zan yanko shi in ɗora a intanet in ce Shehu ya ce ba.

Littafin nawa kuwa yana wurin dattijon. Ya ce in bar masa. Da na koma bayan sati biyu na tarar ya sa jikansa ya zauna da jan biro, shi yana rerawa yaron na gyarawa a gefen shafi, baitin da ya ɓace an rubuta shi a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Sun kai waƙa ta huɗu. A shafin farko, inda babu sunan kowa, ya sa yaron ya rubuta sunan malamin da ya karɓi waƙoƙin daga gare shi, da sunan malamin malaminsa. Na ce zan zo da waya in ɗauki muryarsa in ya yarda. Ya ce in zo bayan la'asar, lokacin ne muryarsa ta fi buɗewa.

In Allah ya kai mu mako mai zuwa, da wannan rikodin za mu buɗe shiri. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.